ƊAKIN AMARYA BA SAI DA KABAD BA: Yadda Za Ki Haɗa Kantar Bango Da Hannunki

  

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga soyayyar tana ciki. Magana ce ta katako da igiya da ƙusa. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Yo mu ina ruwanmu da aikin kafinta?" Yi haƙuri 'yar uwa, gyara zama ki ji abin da ya faru a gidanmu tukuna, sannan ki yanke hukunci.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Mu a cikin birnin Zariya muke, can ciki inda lungu ke haihuwar lungu, gidan ƙasa ne na gado mai zaure biyu. Babanmu ɗinkin hannu yake yi na manyan riguna, aska biyu da aska takwas, sana'ar da aka san birnin nan da ita tun kaka da kakanni. Innarmu kuwa ɗinkin hula take taɓawa da ɗan ƙulle-ƙullen kayan miya. Mu bakwai ne a wurinsu, biyar mata, kuma kowa ya san nauyin 'ya'ya mata biyar a wuyan talaka.

An sa ranar Yayata ne bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da kuɗin komai ya tashi sama kamar an hura masa wuta. Inna ta kwashi adashinta, Baba ya sayar da tumakinsa, 'yan uwa suka kawo gudummawa. Da haka aka samu gado da katifa, da ledar ƙasa, da labule, da kwanuka da tangaran daidai gwargwado. Abu ɗaya ne ya gagara, shi ne kabad. Kafinta ya faɗi kuɗi, aka ce a ba mu sati biyu, da aka koma sai ya ce ai katako ya ƙara kuɗi, wancan ciniki ya tashi.

Wallahi tun daga ranar Inna ta daina barcin kirki. In na farka cikin dare sai in gan ta zaune a bakin gado ta rafka tagumi. Ba komai take tunani ba sai bakin 'yan ganin ɗaki. Wata dillaliya ta yi ta sintiri a gidanmu, wai za ta kawo kabad a biya sannu a hankali, amma kuɗin da ta ɗora a kai ya kusa ninka na kasuwa. Mu kuwa mun ga abin da ya samu wata maƙwabciyarmu: wata uku da kai 'yarta ɗaki, masu bashi suka zo da amalanke tsakar rana suka sauke kwanukan amarya a ƙasa suka fita da kabad ɗin, dangin miji na tsaye suna kallo. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na ji Inna tana ce wa Baba ko ƙanwarmu, wadda take aji biyu a sakandare, za ta ɗan dakata da makaranta na zango ɗaya ta ɗauki tallan alala, in an biya bashin kabad sai ta koma. Kun dai san irin wannan "zango ɗaya" ɗin. 'Yan mata nawa muka sani da suka ajiye jaka da sunan zango ɗaya, har yau ba su sake ɗaukarta ba?

Kakarmu ta wajen uba, Iya muke ce mata, tana kan tabarmarta tana jan carbi kamar ba ta ji. Can sai ta yi gyaran murya ta dubi Inna ta ce, "Ke 'yar nan, ni da aka kawo ni gidan nan wa ya san wani kabad? Ɗaga kanki ki duba." Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Ragayarta ce rataye a jikin azara, da ƙwaryar furarta a ciki, abin da muka buɗi ido muka gani amma ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ta ce, "Igiyar da ta riƙe ƙwarya shekara da shekaru, falanki ne zai gagare ta? Yarinya dai ba za ta bar makaranta don akwatin katako ba, ina raye."

Daga wannan magana ta Iya na samo duk abin da zan koya muku yau.

JERE YA GIRMI KABAD

Kafin mu ɗauki guduma, bari mu ɗan waiwaya baya. Jeren kakanninmu na farko ƙore ne da ƙoƙuna masu zane, da akussa, da tukwane da ake ɗora wata kan wata har su kusa taɓa rufi. Masu hali su ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida. Da kamfanonin Turawa suka fara shigo da kwanon sha da fanteka da langa masu fenti, sai yayi ya koma kansu, har mata kan manna faranti a jikin bango tun yaɓe yana ɗanye, ɗaki ya yi ta ƙyalli. Daga baya aka kafa masana'antun kwano a Ikko da Kano, kwano ya yi araha ya shiga kowane gida. Sai kabad ya zo, sai tangaran, sai kuloli, sai shogilas. Kun ga ke nan kowane zamani da nasa yayin, kuma kabad ɗin da muke neman kashe kanmu a kansa baƙo ne na jiya-jiya.

Su magina na da, tun wurin gini suke tanadar wa mace wurin ajiya. Sukan bar alkuki a jikin bango, wato ɗan gurbin nan da ake ajiye fitilar aci-balbal, su yi dakali, su kafa marataya tun ƙasa ba ta bushe ba. Mu Zage-zagi kuwa ba a gaya mana gini. A garin nan ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, ginin da masana daga ƙasashen duniya suka yi ta zuwa gani suna rubutu a kansa. Wani sashe na masallacin ya rufta a watan Agusta na 2023 ana sallar La'asar, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa sun huta. Jikokin masu irin wannan fasaha a ce falanki uku da igiya sun gagare mu? Haba! Sai Kanawa su samu abin tsokanarmu.

Sannan ki lura da wani abu. Asalin jere dukiyar mace ce. Nata ne ita kaɗai, miji ba shi da iko a kai. In ta shiga matsi ta ɗauki fanteka ɗaya ta ba dillaliya, in ta aurar da 'ya ta ɗiba ta ƙara mata. Asusu ne da aka jera a bango. To in asusun da kansa bashi ne, ina amfaninsa? Wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano cikin shekarun 1970 tana nazarin tallan yara, ta kuma nuna yadda ribar tallan 'yan mata take tafiya wajen tara kayan ɗaki, da yadda hakan ke karo da zuwa makaranta. Shekara kusan hamsin ke nan, amma ga shi maganar ta sake tasowa a tsakar gidanmu. Haka kuma da gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa a 2012, da wanda ta yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023, ai kayan ɗaki na cikin manyan abubuwan da ta ɗauke wa iyaye, don an san nan ne gizo ke saƙa. Malamai kuma sun sha gaya mana cewa kayan da aka kai Nana Faɗima (R.A.) ɗaki da su ba su wuce mayafi da salkar ruwa da matashin kai ba. Wace ce a cikinmu ta fi ta daraja?

To, ba wa'azi na zo yi ba. Mu koma kan aiki. Kanta iri uku zan nuna miki, ki zaɓi daidai ƙarfinki.

TA FARKO: RAGAYAR FALANKI

Wannan ita ce uwar tafiya, ita muka yi wa Yaya. Ga abin da za ki tanada:

Falanki 3, kowanne tsawon ƙafa 2, faɗin inci 8, kaurin inci 1.
Igiya 2, kowace yadi 3, mai kaurin fensir, ta nailan ko ta rama mai kyakkyawan tufka.
Samfefa, da ƙaramin gwangwanin fenti mai mai, da burushi.
Tef ɗin awo na tela, da biro.
Murfin kwalbar lemo 6 da ƙananan ƙusoshi.

Kada ki sayi falanki sukutum, don cikakkensa ƙafa 12 ne, ya yi miki yawa. Ki aiki ƙanenki ko yayanki wurin kafintan unguwa, ko 'yan katako na Sabon Gari, ya tambayi guntaye, ragowar aikin wasu. Sau da yawa kuɗinsu kaɗan ne, wani ma in mai kirki ne ya ce a ɗauka. A duba wanda ya bushe sarai, mara tsagewa, mara ƙananan hudoji, don hudojin nan alamar ƙwaro ce a ciki. Ɗanyen katako kuwa in ya bushe a ɗakinki lanƙwashewa zai yi.

A kowane falanki za a yi huda 4, ɗaya a kowace kusurwa, inci ɗaya daga baki. Abin da ya fi sauƙi shi ne kafintan ya huda miki tun a can. In bai samu ba, ki sa babbar ƙusa cikin garwashi ta yi ja, ki kama ta da filaya ki riƙa ƙona wurin a hankali har ta ɓulla. A tsakar gida za ki yi, ki ɗaure gyalenki da kyau, ki kori yara. Bayan nan ki goge falankin da samfefa har ya yi sumul, ki bi da ɗanyen tsumma, ki shafa fenti sau biyu, tsakaninsu kwana ɗaya. Ki shafe ko'ina har ƙasa da gefuna da cikin hudojin, domin inda fenti bai taɓa ba nan gara take shiga. A gefen da zai jingina da bango ki kafa murfin kwalba biyu, su ne za su hana katakon mannewa da bango, iska ta riƙa ratsawa.

Yanzu sai igiya. In ta nailan ce ki ɗan ƙona bakinta da ashana don kada ta warware. Ki ninka kowace biyu daidai, ki yi ƙulli a wajen ninkin ki bar zobe wanda zai shiga marataya. Kin samu ƙafa biyu ke nan a kowace igiya, ta gaba da ta baya. Igiya ɗaya ta hannun dama ce, ɗaya ta hagu. Daga ƙullin zoben ki auna inci 14 a ƙafar baya ki sa alama da biro, a ƙafar gaba kuwa inci 15. Kada ki manta da wannan inci ɗayan, saboda ƙafar baya a miƙe take sauka, ta gaba kuwa a karkace, in kika yi su daidai falankin sama zai ɗaga baki. Ki zura falanki na farko ki yi ƙulli a ƙarƙashinsa daidai kan alama. Daga nan ki auna inci 10 a dukkan ƙafafun huɗu, ki zura na biyu ki ƙulle, ki sake auna inci 10 ki zura na uku. Kada ki ja ƙullin ya yi tauri tun yanzu. Ki rataya tukuna, ki ɗora faranti da ruwa a kai, in ruwan ya taru gefe ɗaya kin san wajen ya yi ƙasa, sai ki matsar da ƙullin. In ruwa ya kwanta daidai a dukkan ukun, sannan ki ɗaure tamau. Ragowar igiyar da ke lilo a ƙasa ki warware ta ta zama tuntu, ko ki zura mata duwatsun ado.

INDA NA SHA KUNYA

Nan ne fa wurin da nake so ki buɗe kunne, don ni a nan na faɗi. Da na gama tawa ta farko, daɗi ya cika ni, na samo ƙusa biyu 'yan inci 4 na buga a bangon ɗakin Inna don gwaji, na kwaso farantan tangaran na Yaya guda shida na jera. Kowa ya zo ya yaba, ni kuwa sai hura hanci nake. Wajen ƙarfe biyun dare sai muka ji "tartsatsa!" kamar aradu ta faɗo. Baba ya fito da tocila yana salati, a zatonsa ɓarayi ne. Ƙusoshin nan sun zare da ƙasarsu, farantai shida babu ko ɗaya da ya tsira. Yaya ta yi kuka, ni ma na yi, Inna kuwa ko kallona ba ta yi ba har kwana biyu. Iya ce kawai ta yi dariya ta ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wa ya ce miki ƙusa tana kama ƙasa?" Da kuɗin da nake tarawa na buga littafina na biya farantan nan.

Don haka ki fara sanin irin bangonki.

In bangon ƙasa ne irin namu na cikin birni, ƙusa ba ta da abin kamawa, ƙasar marmashewa take yi a hankali har ta sake ta. Turke ake kafawa. Ki samo icce mai ƙarfi, busasshe, tsawon taƙi ɗaya, kaurinsa ya ɗan fi babban yatsa. A haƙa rami a bangon da ƙarfe mai tsini, zurfin inci 6, a karkace, yadda gindin turken zai nutsa ƙasa kansa ya kalli sama. A yayyafa ruwa a ramin, a cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai danƙo ko siminti, a tura turken a daddanna, a bar shi kwana 4 ko 5 ya bushe kafin a rataya komai. Turke biyu za ki kafa, tsakaninsu inci 22, daidai da tazarar hudojin falankinki. In kuwa ɗakin yana da azara a fili, to kin huta, ki zarga igiyar a jikinta kamar ragayar Iya, amma ki ƙara tsawon igiyar. Abu ɗaya: in ɗakin soro ne mai baka, kada ki kuskura ki haƙa jikin bakan, shi ne yake ɗauke da rufin. Haka nan kada ki ce za ki fafe alkuki da kanki a tsohon bango. In ana sabon gini ko yaɓe ne, a roƙi magini ya bar miki guda biyu, ba ya ƙara kuɗi mai yawa.

In bangon bulo ne, ƙusar kankare za ki nema, 'yar inci 3, a buga ta a karkace kanta sama. Bulo yana da rami a ciki, in kin ƙwanƙwasa kin ji yana amsawa kamar ganga ki matsa, ki nemi inda sautin ya toshe. Ki nisanci saitin makunnin wuta da soket, sama da ƙasa, don nan waya take bi. In gidan haya ne a nemi izinin mai gida tukuna.

Ko wane irin bango ne, kada ki ɗora abin fashewa sai kin gwada. Jakar fiya-wata guda tana da ƙulli 20, kowanne rabin lita, jimla kilo 10 ke nan. Ki rarraba su a kan falankan ki bar su kwana biyu. In turke bai motsa ba, ƙasa ba ta zubo ba, to ya kama. Duk da haka kayan da za ki jera kada su wuce rabin wannan nauyin. Da na san wannan tun farko da farantan Yaya suna nan.

TA BIYU: KANTAR KARA

Wannan ta 'yan makaranta ce, ba ta cin ko sisi sai zare. A ƙasashen Turawa mata kan tara 'yan sandunan askirim su manna su da gam su yi ƙaramar kanta. Mu Allah Ya hore mana abin da ya fi wannan, karan dawa, wanda da kaka ko'ina ka duba a bayan ganuwa ga shi nan tuli. Kakanninmu har gado suke yi da shi.

Ki zaɓi kara 12 masu kauri, miƙaƙƙu, busassu, ki ɓare ganyen jikinsu amma ki bar ɓawon mai sheƙi, don shi ne ƙarfin karan. Ki yanka su tsawon inci 18. Ki jera su a ƙasa, ki saƙa su da zare mai ƙarfi a wuri uku, gefe da gefe da tsakiya, kamar yadda ake saƙa asabari: zare ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, ki murɗa, ki sa kara na gaba. In kin gama ki gicciya sanda biyu na gora ko tukurwa a ƙarƙashi ki ɗaure su tam, su ne za su hana ta naɗewa. A bakin sandunan nan huɗu za ki ɗaura igiyar ratayewa. In kina son ado ki naɗe gefunan da zaren saƙa mai launi.

Amma fa ki san iyakarta. Ta kwalli ce da hoda da mataji da carbi da 'yan ƙananan kwalaben turare. Ba ta littattafai ba ce, kuma kara abokin wuta ne, kada ki rataye ta kusa da fitila ko kyandir ko kaskon turaren wuta.

TA UKU: KANTAR KWALI

Kwalin taliya ko na sabulu da mai shago zai yar, ki karɓo masu tsabta. Ki yanka gida huɗu daidai wa daida, inci 16 da inci 7. In kin duba bakin kwali za ki ga 'yan layuka a cikinsa. Sirrin shi ne ki saɓa su: na farko layinsa a tsaye, na biyu a kwance, haka har huɗun, kina shafa gam ɗin kafinta fari a tsakani. Ki danne da abu mai nauyi kwana biyu, za ki yi mamakin taurinsa. Sai ki je wurin tela ki roƙi ƙyallen atamfa ko shadda, ki lulluɓe shi ki manne ta ƙasa, ki huda kusurwoyi ki zura igiya kamar ta farko. Wasu kan yi amfani da kokon rogo maimakon gam, yana kamawa, amma gayyatar kyankyaso da gara ne, ban ba ki shawara ba. Ki kuma tuna kwali ba ya shiri da danshi. Damina a Zariya ba wasa ba ce, musamman watan Agusta, bangon ƙasa yakan sha ruwa, don haka ki rataye ta a bangon cikin ɗaki wanda ruwa ba ya duka ta bayansa.

YADDA ZA KI JERA DA YADDA ZA KI KULA

Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Manya a baya, ƙanana a gaba. Kada ki cika ta maƙil, ɗan fili tsakanin kaya shi ke sa ido ya ga kyan kowanne. Ki shimfiɗa ɗan ƙyalle mai saƙa a kan falankin, yana ƙara kyau yana kuma hana santsi. In za ki ajiye Alƙur'ani, nasa ne falankin sama shi kaɗai. Kada ki rataye kanta a saitin kan gado ko inda ake kwantar da jariri, komai ƙarfin turkenta, kuma a yi ta sama yadda yaro mai rarrafe ko mai tatata ba zai kamo tuntun igiyar ba. Duk ranar Juma'a in kina share ɗaki ki leƙa bayanta. Da kin ga siririn layin ƙasa yana hawa bango, gara ce ta kawo ziyara, ki kankare shi nan take ki sauke kantar ki shanya a rana. Garar da ake so a ɗakin amarya ta su shinkafa da man shanu ce, ba wannan ba.

YADDA TA ƘARE

Ranar jere muka tafi da ragayar falanki biyu masu fenti ruwan madara, da ta kara ɗaya a gefen madubi. Yayanmu namiji ya riga ya kafa turaku tun sati guda kafin nan. Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya yaba ba. Na ji da kunnena wata tana raɗa wa 'yar uwarta, "Ayya, ashe ko kabad ba su yi mata ba." Maganar ta soke ni, na ga idon Inna ya kawo ruwa. Amma sai wata gwaggon ango, dattijuwa, ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta taɓa igiyar ta ce, "Wa ya yi wannan? Rabona da ganin ragaya a ɗakin amarya tun ina yarinya. Allah Ya yi wa hannun nan albarka." Masu raɗa suka yi tsit.

Maganar mutane ta kwana bakwai ce, 'yar uwa, bashi kuwa yakan shekara yana bin mutum har cikin barci. Yau Yaya tana ɗakinta lafiya, babu mai buga mata ƙofa da amalanke. Kuɗin da aka fara tarawa na kabad aka cika aka saya mata keken ɗinki, da shi take rufa wa kanta asiri, ta ce in ta tara da guminta za ta sayi kabad ɗin da ranta yake so. Ƙanwarmu kuwa ba ta yi fashin ko kwana ɗaya ba, ita ce ma yanzu take yi wa ƙawayenta kantar kara suna ba ta na kashewa. Guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka ƙanwata 'yar makaranta, kada ki jira sai an sa miki rana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki fara da ta kara ko ta kwali a lungunki na ɗakin Inna, ki ɗauke kayanki daga ƙasa, hannunki ya saba. Ke kuma mai shirin aure, in kin ga mahaifiyarki ta fara tagumin dare, ki matsa kusa da ita ki ce, "Inna, abin da Allah Ya hore ya ishe ni." Wallahi wannan kalma ta fi mata kabad goma. Iyayenmu mata kuma, don Allah in kun je ganin ɗaki ku sa albarka ku fito, ku tuna ku ma kuna da 'ya'ya.

Wadda ta gwada ta ga wani abu ya ba ta wahala, ta rubuto ta hannun Edita, in Allah Ya so zan amsa a fitowa ta gaba. Allah Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, Ya rufa wa iyayenmu asiri duniya da lahira, amin summa amin.

Taku har kullum, daga birnin Zazzau.